Almakashi Mai Haƙora

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo tun safe wai na shanya ku a rana, to ga shi nan, kowa ya gyara zama. Amma wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙwari ta ajiye wayar ta kurɓi ruwa tukuna, kar gobe a ce ni na jawo.

*

Ofishin rajistar haihuwa da mutuwa yana can ƙarƙashin bene, wurin da ko da rana tsaka sai an kunna fitila. Malama ta sauka matakalar tana dafa bango.

Abu ɗaya ne ya kawo ta. 'Yarta ta fari, wadda kowa ke kira Lauya saboda bakinta ba ya mutuwa, tana kwance a asibiti ƙodojinta sun gaza, inji ke wanke mata jini. Yayan Malama ya ce ko yau a cire tasa a dasa wa yarinyar, ko a jikinsa. Sai dai likita ya ƙi taɓa wuƙa. Ya ce ciwon ya yi masa kama da na gado, kuma gwajin da ya yi wa ita kanta Malama bai kwanta masa a rai ba.

"Ki nemo mini abin da ya kashe mahaifinku," in ji shi. "In ciwon nan a jininku yake, ƙodar yayanki ba ta da amfani. Kuma ita ma ƙaramar taki sai an sa mata ido."

Ƙaramar ita ce Auta, 'yar shekara biyar, mai ɗimbin surutu da giɓi a baki. Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana Malama sukuni.

Ta tambayi Inna, mahaifiyarsu, ya fi a ƙirga. Amsar ɗaya ce kullum: gajeruwar rashin lafiya, Allah ya jiƙansa. Shi ya sa jiya ta tafi ɗakin karatu na gari, ta sa aka sauko mata da tsofaffin jaridu da aka ɗinke shekara-shekara, ta yi ta buɗawa tana atishawa har ta kai ga sanarwar rasuwarsa. Ita ce dai wadda ke rataye cikin firem a falon Inna tun tana yarinya, hoton ɗaya, addu'ar ɗaya. Amma ta jaridar ta fi ta gida da layi biyu a ƙasa:

*Ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu. 'Yarsa tilo ta riga shi komawa ga Mahaliccinta.*

Ita kuwa 'yarsa tilon ga ta zaune da ranta, har da ƙura a hanci. Dariya ta yi a lokacin, ta ce 'yan jarida da shirme. Amma dariyar ba ta raka ta gida ba.

Matar ofishin rajistar tana zaune bayan teburinta, tabarau a kan karan hanci, tana fifita da murfin wani fayil domin fankar sama ta daɗe da yin ritaya.

"Sunan mamaci?"

Malama ta faɗa.

"Shekarar rasuwa? Katin shaidarki?"

Ta miƙa. Matar ta ja silifa ta shige tsakanin kantocin ƙarfe, sai ƙarar makullanta ake ji tana nisa, tana nisa. Da ta dawo tana riƙe da wani koɗaɗɗen fayil ɗaure da zare.

"Wanne kike so a ciki?"

"Kamar yaya wanne?"

"Mu nan na duk jihar muke ajiyewa, kuma da sunan maigida muke jera mamatan gida. Biyu ne a ƙarƙashinsa. Shi, da wata yarinya."

Malama ta miƙa hannu.

"Ba ni nasa tukuna."

Takardar ta yi ja don tsufa. Ta bi layukan da yatsa har ta kai wurin da aka rubuta sanadin mutuwa. Ciwon huhu. Ta sake karantawa. Ciwon huhu, babu ƙoda, babu ko mai kama da ita.

"Alhamdulillahi," ta furta, har da lumshe ido.

Kunya ta kama ta, ga ta tana hamdala a kan takardar mutuwar ubanta. Amma uwa ce, me za ta yi? Za a yi wa Lauya dashe, Auta kuma ta tsira. Da a nan ta tashi ta tafi, wallahi da ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Ga ɗayar," matar ta ce, ta turo.

Sunanta ne a kai. Cikakke, nata da na mahaifinta. Ranar haihuwar kuwa ita ce wadda ke jikin katin shaidarta, da takardun makarantarta, da takardar ɗaukarta aikin koyarwa. Ta rasu tana wata takwas, ƙyanda ce ajalinta. A ƙasa ga sa hannun mahaifinta, mai doguwar jela, irin wanda ke jikin duk littattafan da ya bari.

Matar ofis ta leƙo.

"Au, takwararki ce? Ana yi ai. In yarinya ta rasu sai a mayar wa ƙanwarta sunan."

"Har ranar haihuwar ake mayarwa?"

Matar ta ɗauki katin, ta ɗauki takardar. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Sannan ta cire tabarau ta ajiye, ta daina fifita.

"Baiwar Allah," ta ce a hankali, "mu dai a wurinmu, ke kin rasu."

*

Malama ba ta san yadda aka buga mata kwafin takardun ba, ba ta san yadda ta hau matakala ba. Ta dai ga kanta a ƙofar makarantar su Auta, yarinyar na tahowa tana jan ƙafa, ta take bayan takalminta.

"Sa takalminki daidai."

"Ya matse ni, Mama."

"Takalmin da ba a daɗe da saye ba? Ke kullum girma kamar kabewa. Wuce mu tafi."

Layin su Inna bai canza ba. Mai gyaran rediyo yana nan, famfon da ke ɗiga yana nan, sannan daidai tsallaken ƙofar Inna ga shagon Goggo Mai Keke. Tsohuwar tela ce, ba miji, ba ɗa, ba jika. Tun Malama ba ta san kanta ba ita ke yi mata ɗinki, kuma ko za a mutu ba ta karɓar ladan aiki. Tana da wata ɗabi'a da yara ke yi wa dariya: duk lokacin da Malama ta shiga shagon tana ƙarama, sai Goggo ta tsuguna ta danna mata babban yatsa a ƙwauri, wai tana duba ko ta yi ƙiba. Haka ta yi wa Lauya, haka take yi wa Auta. Ita ce ma ta fara cewa a kai Lauya asibiti, tun ana ganin gajiyar makaranta ce.

Ƙarar kekenta na tashi har titi, kar-kar-kar-kar.

"Je ki wurin Goggo ki zauna, sai na kira ki."

Auta ta tsallaka. Malama ta tura ƙofar gidansu ba ko sallama.

Inna tana falo tana ninke kayan wanki. Ta ɗago.

"Yau kuma sallamar tsada take? Ya mai jiki?"

Malama ta je ta tsaya mata a ka.

"Ke da ke nake. Ya Lauya ta kwana? Waye a wurinta?"

"Babanta."

"To zauna mana, kin tsaya mini a ka kamar mai karɓar haraji."

Malama ta zaro takardu biyu daga jaka, kwafin sanarwar jaridar da na takardar mutuwar yarinyar, ta shimfiɗa su a kan kayan wankin. Inna ta laluba tabarau ta saka. Ta fara da ta jaridar. Bakinta ya motsa.

"Baffanku ne," ta ce. "Shi ya kai sanarwar nan gidan jarida. Mutum ne mai taurin rai, Allah ya gafarta masa, har ya koma ga Allah bai iya magana ba."

"Ɗayar fa? Ita ma Baffa ne?"

Inna ta ɗauki ta biyun.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta shafa wurin sunan da yatsa, a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

"Ashe ya rubuta," ta ce, ba da Malama take ba. "Ya ce mini bai rubuta ba."

"Inna."

"Ba sa barin a binne sai da takarda. Na sani. Amma ya ce mini ya san yadda ya yi..."

"Inna! Wace ce wannan?"

"'Yata ce."

"Ni fa?"

"Ke ma 'yata ce."

"Kar ki yi mini haka. Don girman Allah kar ki yi mini haka yau. Mace ɗaya kika haifa ko biyu?"

Inna ta cire tabarau ta ninke. Tsallaken titi keken Goggo na ta aiki.

"Ɗaya."

Malama ta nemi kujera ta rasa, alhali ga ta nan a bayanta. A ƙasa ta zauna.

"To ni wace ce?"

"Ke ce wadda na goya. Ke ce wadda na yi wa tsarki, na kwana a kanki kina haƙora, na kai ki makaranta, na kai ki ɗakin miji. In akwai wata uwa da ta wuce wannan, a nuna mini ita."

"Ita nake so ki nuna mini."

Maganar ta doki Inna, har ta runtse ido. Ita ma Malama ta ji zafin abin da ta faɗa, amma ba ta janye ba. Ni dai ban ga laifin kowa a cikinsu ba, kowacce da wutar da ke cin ta.

"Zan gaya miki yadda aka yi," Inna ta ce. "Amma kar ki katse ni, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba."

Ta jawo wata riga daga cikin wankin ta riƙe, ba don ta ninke ba.

"A ɗakin yara na asibiti aka yi. Ƙyanda ta kama mini yarinya, muka kwanta. Gadon da ke kusa da namu akwai wata mata tana jinyar ɗanta, ga kuma jaririya a bayanta. Ba ta magana da kowa. In na farka na gan ta zaune, in na kwanta na bar ta zaune. Rannan da safe tawa ta cika. Babanku ya fita neman takarda, ni kuma ina zaune da zani a hannu, babu kowa a ciki. Ban yi kuka ba. Kukan ya ƙi zuwa."

Ta numfasa.

"Sai na ji an ɗora mini abu a cinya. Na duba, jaririya ce. Matar nan ta kwance goyonta ta ajiye mini. Ta ce, baiwar Allah, ki tafi da ita. Na ce ke, kina cikin hankalinki? Ta ce nonona ne ke kashe su. Wannan da ke kwance shi ne na huɗu, kuma tafiya zai yi, na san alamar. Ki raba ta da ni ko Allah zai sa ta rayu."

"Kika karɓa."

"Ke kika karɓe ni. Kika juyo kika kama nono kamar dama can kin san ni. To wa zai cire ki?"

Hawaye ya zubo wa Malama, ta share da ƙarfi, don ba kuka ya kawo ta ba.

"Baba ya yarda?"

"Da ya dawo ya gan ki a hannuna, ya tsaya yana kallonki, bai hana ba. Dama an yi masa canjin wurin aiki, kayanmu a ɗaure suke. Muka binne waccan, muka tashi da ke. Inda muka sauka ba wanda ya san mu. Yayanki bai yi wayo ba. Takardar haihuwa kuwa tana cikin akwatina, ku kusan sa'o'in juna ne, ke kuma a gida aka haife ki ba a rubuta ki ko'ina ba. Shi ke nan. Baffanku kaɗai ya sani, shi kuma bai taɓa yarda ba. Ya yi shiru don babanku. Ranar da babanku ya kwanta dama, ya je ya amayar da abin da ke cikinsa a jarida."

"Shi ya sa bai taɓa ɗaukata ba."

"Shi ya sa."

"Ni ina ta cewa ko don na fasa masa agogo ne."

Dariya ta so kuɓuce wa Inna, ta koma kuka a hanya.

Malama ta matso ta kama gwiwarta.

"Inna, tana raye?"

Inna ta kau da kai.

"Matar. Tana raye?"

"Na yi rantsuwa."

"Wa kika yi wa?"

"Ita. Ta ce ko bayan ranta kar ki sani. Ta ce in kika san ita ce, abin zai gane hanya ya biyo ki."

"Ai ya riga ya biyo ni! Yana can kwance a gadon asibiti da allurai a hannu! Rantsuwarki ta fi ran Lauya?"

"Kar ki ɗora mini wannan." Muryar Inna ta tashi. "Kin san sau nawa na ɗauki mayafi zan je wurin likitan nan na fasa? Kuma yanzu me ya rage? Ba tsoron da ake yi kar ciwon yana jinin yayanki ba? To ba jininku ɗaya ba. Ƙodarsa lafiya lau. A cire a ba ta, Allah ya ba ta lafiya, a rufe maganar nan. Ba shi ke nan ba?"

"Auta fa?"

Inna ta matse rigar da ke hannunta.

"Likita ya ce in na gado ne sai an sa wa Auta ido. Ni na fito daga ofishin can ina hamdala, ina cewa Baba ciwon huhu ya kashe shi, 'ya'yana sun tsira. Ashe tarihin gidan wasu nake tonowa. Na sha ƙura a banza. Na je har maƙabarta ina karanta alluna, ina yi wa kakannin da ba nawa ba addu'a!"

"Naki ne."

"Ciwonsu ba nawa ba ne, Inna. Nawa yana wurin matar nan. Wace ce?"

"Ba zan faɗa ba."

"Inna."

"Ko za ki yanka ni."

Malama ta miƙe. Idonta ya sauka a kan firem ɗin da ke bango, mahaifinta na kallonta ta cikin gilashi da murmushinsa na kullum. Shekara da shekaru tana goge wannan gilashi duk ranar share-share, ba ta taɓa tunanin akwai abin da ya ɓata a ciki ba. Ta sa hannu ta sauke shi.

"Me za ki yi? Ajiye mini hoton mijina."

"So nake in ga inda aka yanke ni."

Ta kifa shi a kan tebur. Ƙananan ƙusoshi ne suka riƙe kwalin baya, sun yi tsatsa. Ta tanƙwara su da makullin gida ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga kwalin, ta zaro takardar jaridar.

Gefe uku an yanke su a miƙe, yankan reza. Amma gefen ƙasa, wanda katakon firem ya ɓoye, yankansa daban ne. Haƙora ne da shi, ƙanana, a jere, hawa da sauka.

Malama ta tsura masa ido.

Ta san wannan yanka. Ba a gidan nan take ganinsa ba, don almakashin Inna na yankan farce ne da zare. Ta sunkuya a hankali, ta kama bakin rigar da ke jikinta, ta juyo cikinta. Ga su nan a bayan kalmasa, haƙoran nan dai, hawa da sauka. Haka suke a cikin kayan makarantarta na firamare. Haka suke a cikin kayan aurenta, da rigunan Lauya, da na Auta. Almakashi ne na tela, wanda ake yanka yadi da shi don kar bakinsa ya zare, kuma duk layin nan mutum ɗaya ke da shi.

Kar-kar-kar-kar, in ji keken tsallaken titi.

"Innalillahi," Malama ta ce.

Inna ta rufe fuska da rigar da ke hannunta.

"Ban faɗa ba," take cewa. "Allah kai ne shaida, ban faɗa ba."

"Goggo?"

"Ranar da jaridar ta fito ina zaman makoki, hannuna ko kofi ba ya iya riƙewa. Na yanke gefe uku, na kai kan layin nan na kasa. Ita ta shigo ta gani. Ba ta ce komai ba, ta zaro almakashi daga aljihunta ta datse, ta tafi da guntun."

"Ta biyo mu ke nan."

"Kina fara tafiya ta iso. Ta kama shagon can. Ta ce ba za ta ɗauke ki ba, ba za ta ba ki ko ruwa da hannunta ba, ido kawai za ta sa. Kuma ta cika alkawari. Kin taɓa cin wani abu a shagonta?"

Malama ta tuna. Ko alewa Goggo ba ta taɓa ba ta ba. Tana yarinya har rowa take ce mata a ɓoye.

"'Ya'ya nawa ta haifa?"

"Biyar."

"Ina sauran?"

"'Yar nan, ki bari."

"Ina sauran, Inna?"

"Ta binne huɗu. Mijin ya gudu tun ranar da aka binne na uku, tana da cikinki."

"Duk ciwo ɗaya?"

Inna ta gyaɗa kai.

"Ke kaɗai ya tsallake. Shi ya sa ta ƙara yarda nononta ne. Ranar da aka kwantar da Lauya, nan ta shigo ta faɗi a inda kike tsaye, ta ce Yaya, ashe ba nono ba ne. Ashe na ba da 'yata a banza."

Malama ta dafe tebur.  Matar da take wucewa kullum ta ce Goggo ina wuni, ta ce lafiya lau 'yar maƙwabta.

"Yaya yake farawa?" ta tambaya. "A wurin nata 'ya'yan. Likita zai tambaye ni."

"Ba ya zuwa da hayaniya. Yaro na wasansa, yana cin abincinsa. Ta ƙafa yake shigowa. Shi ya sa take danna muku yatsa a ƙwauri, ba wata ƙiba da take dubawa. In naman ya taso, ta yi hamdala ta koma kan kekenta. In kuwa ya lotsa ya ƙi tasowa..."



"Ita ta ce mini," Inna ta ci gaba da ƙyar, "kafin uwa ta lura da komai, takalmi ne ke fara gaya mata. Sai yaro ya ce ya matse shi."

Malama ta tuna Auta a ƙofar makaranta.

*Ya matse ni, Mama.*

Ta juya wajen taga. Sai a lokacin ta lura falon ya yi tsit. Keken ya tsaya, kuma ba ta san tun yaushe ba.

"Salamu alaikum."

Muryar a bakin ƙofa take, ƙasa-ƙasa.

Labule ya ɗaga. Goggo Mai Keke ce, tef ɗin awo rataye a wuya, zare manne a zaninta. Matar da ko jakar yadi ba ta iya ɗagawa saboda ciwon baya, yau ga ta ta saɓo Auta a kafaɗa. A ɗaya hannun tana riƙe da takalman yarinyar da safarta.

Ta ga firem a kife. Ta ga takardar mai haƙora a hannun Malama. Ba ta tambayi komai ba, ba ta kuma dubi Inna ba.

Ta zaunar da Auta a kan tebur, ta tsuguna har gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta ɗago ta dubi Malama ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Zo ki gani," ta ce. "Ni idona ya tsufa. Wataƙila ƙarya yake yi mini."

Malama ta matso.

Goggo ta ɗora babban yatsa a ƙwaurin Auta, ta danna, ta riƙe. Leɓunanta na motsi. Sannan ta ɗage.

Su uku suka zuba wa wurin ido suna jira.

Auta ta sunkuya ita ma ta leƙa, sai ta ƙyalƙyale da dariya, giɓinta a waje.

"Mama, kin gani? Goggo ta yi mini rami a ƙafa, kuma ya ƙi rufewa."